Ƙafar Mafarauci: Daga Dajin Karaye Zuwa Filin Sallah

(Kiɗan garaya, a sassauta shi a hankali)

  Yau yammacin Kano muka nufa, ƙasar Karaye da Rogo, za mu yada zango a Unguwar Hajji, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Karaye. Zancen farauta ne ya kawo mu, da gudun da ke cikinta, da tsautsayin da kan biyo bayanta, musamman a shekarun nan da lokacinta ya haɗu da lokacin Sallah.

A wannan yanki, farauta ba ta farawa sai manomi ya huta. Idan kaka ta wuce, an yanke dawa an kai rumbu, an ɗaure kara, hunturu ya busar da ciyawa, sai labari ya zaga ƙauyuka cewa ran kaza za a fita, a wuri kaza za a haɗu. Akwai farautar wuni, wadda ake fita da sassafe a dawo kafin magariba. Akwai ta kwana, wadda ake ɗaukar guzuri, a yi kwanaki a daji. Maharbi daban yake: shi kaɗai yake tafiya da bakansa ko bindigarsa, ya yi sanɗa, ko ya yi bago a kan bishiya kusa da mashaya. Farauta kuwa ta taro ce. Gari guda kan tashi, da karnuka da gora da adda da barandami, makaɗa na biye, a jeru a faɗin daji a yi ta kora.

Wanda ya kalli taron daga nesa zai ga hayaniya ce kawai. Wanda ya shiga ciki zai tarar gida-gida ake tafiya. Uba na nan, ga baffa, ga kawu da ya zo daga wani ƙauye da karensa, ga samarin gidan, ga ƙaramin yaro a can baya. Yaron nan ba a fara ba shi makami. Gorar ruwa yake riƙewa. Baɗi a ba shi igiyar kare. In ya nuna natsuwa a bar masa rataya, shi ke ɗauko abin da aka kama. Sai an ga ya san inda zai tsaya da inda bai kamata ya jefa sanda ba, sannan a bar shi ya shiga sahun gaba. A hanya yake koyon sawun zomo da na gada, da ramin gafiya da na damo, da kukan fakara in ta ji motsi, da itacen da ake sassaƙa don ciwon ciki. Za ka ji dattijo yana cewa, "Kai yaro, bi bayan baffanka, kada ka shiga gaban kare." Yaro ya ce, "To, Baba." In aka dawo gida kuma a fitar da rabon tsofaffi da na maƙwabta tun kafin tukunya ta hau wuta.

Sana'ar tana da shugabanni. Sarkin Baka da Sarkin Dawa sarautu ne da fada ta san da su a ƙasar Hausa, su ke ba da izinin fita, su ke raba gardama. Tarihin Kano ma da mafarauta ya fara: labarin Dala da Barbushe, wanda ya fito daga zuriyarsa, labarin maza ne da aka sani da kashe manyan namun daji. Makaɗa irin su Kassu Zurmi sun yi suna ne da kiɗan 'yan tauri da mafarauta. Kuma a zamaninmu, lokacin da Boko Haram ta mamaye garuruwan arewacin Adamawa a 2014, mafarauta na cikin waɗanda suka tsaya tare da sojoji, har duniya ta san sunan Aisha Bakari Gombi. Don haka duk wanda ke ɗaukar kowane mafarauci ɗan daba, bai yi wa mutanen nan adalci ba.

(Kiɗa ya ɗan ɗago, ya sauka)

Ina so mu tsaya a kan abu guda da ba a cika lura da shi ba. Babban makamin mafarauci ƙafarsa ce. Zomo in ya tashi, kare ya bi shi, mai kare ma dole ya bi, a cikin kunya da ƙaya da kututturen dawa, da takalmin roba ko ma babu. Dalili biyu ke sa shi wannan gudu. Na farko, in bai isa da wuri ba, wani ya riga shi ɗauka. Na biyu na addini ne. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama wa mai shi idan an ambaci sunan Allah wajen sakinsa, amma ta haramta dabbar da aka buge ta mutu ba a yanka ba. Saboda haka zomon da aka jefa da gora, sai an cim masa da ransa an sa masa wuƙa, in ba haka ba ya zama mushe. Ka ga ashe fiƙihu ma yana sa mutum gudu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo hukuncin farauta tare da na layya da yanka, kuma ya bambanta farautar buƙata da ta wasa kawai: ta farkon halal ce, ta biyun makaruhi.

Mutumin da ya wuni yana wannan aiki, ya yi tafiyar da ɗan birni ba ya yi a mako guda. A Kano za ka ga ma'aikata da 'yan kasuwa da asuba a filin sukuwa ko a gefen filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, suna sassarfa saboda likita ya ce hawan jini ko ciwon suga ya kusanto. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma abin da suke nema da takalmi mai tsada, matashin Unguwar Hajji ya tashi da shi a jikinsa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa baiwa ce.

To amma dajin fa? Gaskiyar da kowane tsohon mafarauci zai faɗa maka ita ce daji ya ƙare. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 140,000 a Karaye, sama da 220,000 a Rogo, kuma tun daga lokacin an haifi wata sabuwar tsara guda. Kowa na buƙatar gona. Inda da ake barin saura ta huta, yanzu kowace damina sai an nome. Maganin feshi ya cinye ciyawar da zomo ke ɓuya, masu gawayi sun bi manyan itatuwa. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, ta kawo noman rani da kamun kifi, alheri ne babba, amma ta mayar da fadamu da bakin kogi wurin aiki rani da damina. Dajin Ɗansoshiya da ke maƙwabtaka a Kiru, gwamnatin jiha ta buɗe matsugunin makiyaya a cikinsa a 2020. Dajin Falgore na kudancin jiha, ba Falgoren Rogo nake nufi ba, gandun gwamnati ne da doka ta hana farauta a ciki, dokar namun daji ta Jihar Arewa kuwa tun 1963 take. Gwanki da ɓauna sun koma labari. Barewa sai an yi sa'a. Abin da ya rage zomo ne da kurege da gafiya da 'yan tsuntsaye.

Idan nama ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, abu biyu ke faruwa. Ko dai a yi faɗa a kan ɗan abin da ya rage, ko a yi nisa.

Faɗan mun san shi. Karen wane ne ya kama, goran wane ne ya fara sauka, wane gari ne ya tayar. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to a filin farauta ma rigimar ba ta wuce wa zai rataya. A da dattijo ɗaya kan ɗaga hannu magana ta mutu. Yanzu akwai ayarin da ke fita babu dattijo ko ɗaya, a cika a-kori-kura da samari da karnuka, wasu sun sha abin da ya gusar musu da hankali, kowa yana jin ya ci maganin ƙarfe. Zomon da bai kai kuɗin awon gero ba, sai a sare wa mutum hannu a kansa, gaba ta shiga tsakanin ƙauyuka biyu da ke auratayya. Wannan ba gadon kowa ba ne, kuma masu sana'ar na gaskiya sun fi kowa jin zafinsa, domin sunansu ake ɓatawa.

Nisan kuwa, ya kai mu ga abin da har yanzu zuciya ba ta daina ƙuna a kansa ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan jihar Kano suka taso daga jihar Ribas a cikin babbar mota, za su zo gida yin Sallah da iyalansu. A garin Uromi na jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Taron jama'a ya kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Ranar Lahadi 30 ga Maris aka yi idi, gidajen nan suna zaman makoki. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je har ƙauyen. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Babu wani uzuri ga wanda ya kashe matafiyi ba tare da shari'a ba. Ko da mutanen yankin suna fama da masu satar mutane, ofishin 'yan sanda aka gina domin wanda ake zargi. Hakkin waɗannan bayin Allah yana wuyan hukuma har sai an hukunta masu laifi. Amma mu ma da muke da 'ya'ya da ƙanne masu tafiya kudu farauta, akwai tambayar da ta zama tamu. Me ya sa magidanci zai bar ƙasar Kano ya tafi dazukan Ribas neman nama? Saboda na gida ya ƙare. Kuma in dole sai an tafi, da wace shaida ake tafiya? Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon ta ce ko bindigar toka sai da lasisi. Lasisi, da katin ƙungiya, da takarda daga mai unguwa ko dagaci, da sanar da 'yan sandan garin da aka sauka da kuma ranar da za a taso, ba za su hana ƙaddara ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a ganina, gara mutum ya bar bindigarsa a hannun amintacce a can inda yake aiki, ya taho gida hannu sake, da ya ratsa jihohi da ita a ƙasar da tsoro ya cika zukatan mutane.

(Shiru na ɗan lokaci, sannan kiɗa a hankali)

Mu dawo gida. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, shi ya sa azumi da ƙaramar Sallah suka shigo tsakiyar rani, kuma za su yi shekaru suna tafiya cikin hunturu. Ma'ana, hutun Sallah da lokacin farauta sun zama abu guda. 'Yan cirani sun dawo, ɗalibai suna gida, 'ya'yan 'yan'uwa sun zo daga birni, kowa na son a tafi da shi daji. A nan tsautsayi ya fi samun ƙofa, domin rabin ayarin baƙin daji ne.

Bindigar toka ba ta da tabbas. Bututunta na iya fashewa in an cika mata albarushi, tana iya tashi in an jingine ta ta faɗi. A cikin ayari ana ɗaukarta baki sama, a cikin gida kuma ba a ajiye ta da ɗuri, balle inda yara ke wasa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu kada ya ji wa wani. Wannan hukunci ya hau kan saurayin da ke wasa da adda a tsakiyar 'yan kallon hawa.

Sai wuta. Ana cinna wa ciyawa wuta don a kori nama, iskar hunturu ta ɗauke ta ta kai gonar rake, ko tarin kara da harawar da makiyayi da manomi suka dogara da su har damina. Yankin nan yankin rake ne da mazarƙwaila. Aikin shekara guda kan tafi a wuni ɗaya saboda gafiya.

Maciji shi ne wanda nake so a saurara da kyau, domin a nan ne al'ada ke kashe mutum da kyakkyawar niyya. Mai zura hannu a rami ko a suri yana iya tarar da kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, ko kasa, ko gamsheƙa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. Kada a ɗaure wurin tamau da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya jiran baƙin dutse. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a kai asibiti nan take a nemi allurar kashe dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti sukutum na wannan matsala, a Kano kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana bincike a kanta. Abin da ya rage shi ne maganin ya kasance a asibitocin Karaye da Rogo a kowane lokaci, a farashin da manomi zai iya, kuma wannan hakki ne da ya kamata jama'a su riƙa tambayar wakilansu.

Cizon kare ma ba a raina shi: a wanke da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti, karnukan farauta kuma a yi musu rigakafin haukan kare. Ɓeraye kuwa a bar su. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ke yaɗa shi, kuma da rani ya fi tashi.

Ranar Sallar kanta, babur ya fi bindiga cika asibiti. Yaro ɗan shekara 13 ya hau da mutum uku a baya, yana tsere da abokinsa a kan titin da dawaki da 'yan yawon Sallah suka cika. Uban da ya miƙa masa makulli yana da kaso a abin da ya biyo baya.

(Kiɗan kalangu, a sauke)

Wannan tseren babur yana gaya mana wani abu. Matasan nan suna da ƙarfi a jika, suna son a gan su, suna son a yi musu kirari. Farauta ce ke ba su wannan a da. Daji ya ƙare, ƙarfin bai ƙare ba. In ba a buɗe masa hanya ba, zai fita ta adda ko ta babur.

A ƙasar Habasha akwai wani ƙaramin garin manoma da ake kira Bekoji. Daga nan Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1992, daga nan Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. Wanda ya fara horar da su malamin motsa jiki ne na makarantar garin, Sentayehu Eshetu, ba shi da wani kayan aiki sai usur da fili. Gaskiya ne garinsu yana kan tsauni, iskar can tana ƙara wa mai gudu juriya, mu ba mu da wannan. A Nijeriya ma 'yan Filato ne suka fi shahara a dogon zango saboda tuddansu. Amma ba zinaren Olamfik nake nema wa Unguwar Hajji ba tukuna. Tun 2013 ake tseren kilomita 10 a Okpekpe, wani ƙauye a jihar Edo, har 'yan Kenya da Habasha na zuwa. Legas ta fara nata na kilomita 42 a 2016, Kaduna ta yi na farko a 2020. Ƙauye ma yana iya kafa nasa.

Me zai hana a yi tseren Sallah a masarautar Karaye, wadda dokar 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a ƙarƙashinta? Kwana biyu bayan idi, da sassafe kafin rana ta yi zafi, kilomita 5 ga yara da dattawa, kilomita 10 ga samari, kowace mazaɓa ta kawo nata, Unguwar Hajji da Kurugu da Turawa da Yammedi, su kara da Zarewa da Fulatan da Beli. Sarkin Baka ya busa ƙaho a tashi, makaɗan farauta su tsaya a wurin ƙarewa su yi wa wanda ya zo na ɗaya kiɗan da ubansa ya samu a daji. 'Yan mata su yi nasu a filin makaranta, malamansu mata na kula. Ba baƙon abu ba ne a addini: Annabi ya yi tsere da Nana A'isha, kuma an san sahabi Salamatu ɗan Akwa'u da gudun da ba a cim masa. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: a tare babura a hanyar na awa biyu, a ajiye ruwan sha a kowane zango, ma'aikacin lafiya ya tsaya da mota, a samu mai hali ya sa buhun taki ko keken ɗinki a matsayin kyauta.

Wanda zai shiga kuma ya fara shiri tun da wuri. A fara da tafiya mai sauri, a riƙa haɗawa da sassarfa kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa mako-mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako ya wadatar da baligi. Da azumi a bari sai bayan buɗa baki. In ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma ya haƙura. Mai hawan jini ko wanda ya haura shekara 40 ya je a auna shi tukuna, kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take.

Farautar ma ba cewa na yi a bar ta ba. A fita da izinin Sarkin Baka, da dattijo a kowane ayari, a bar mai ciki da ƙanana su hayayyafa, a bar ashana a gida.

Masu saurare, muna son jin ta bakinku, musamman iyayenmu sarakunan baka da na dawa a Karaye da Rogo, da malaman motsa jiki na makarantun yankin: wace hanya ce za ta dace da wannan tsere, kuma wa zai fara kiran taron? A mako mai zuwa za mu karanto saƙonninku. 

(Kiɗan garaya har ƙarshe)